Cinikin Biri A Sama: Wane Irin Ɗan Tsako Ake Sayar Mana A Zango?

Ana saura 'yan kwanaki a yi ƙaramar Sallar da ta wuce, a cikin shirinmu na safe wanda masu sauraro ke bugo waya, wata dattijuwa daga Maamobi ta kawo kukan da ya sa muka ajiye batun da muka shirya tattaunawa a ranar. Ta shaida mana cewa da ta kwashi kuɗin adashinta, sai ta sayi 'yan tsaki 30 a hannun wani mai talla da ya zo da su cikin kwali a bakin titi ranar Laraba, ranar cin kasuwar Nima. Mutumin ya rantse mata cewa buroila ne, wato kajin nama, kuma cikin mako shida za su isa yanka. Hajiya ta gyara musu wuri a bayan ɗakinta, ta riƙa hura musu gawayi da dare saboda sanyi, ta sayi abinci buhu bayan buhu. Da aka yi mako takwas sai ga kaji sun yi dogayen ƙafafu, tsoron kansu ya yi ja, suna tsallake katanga suna shiga gidan maƙwabta, wasu har sun fara gwada cara, amma in ka damƙi ƙirjinsu ƙashi kawai za ka ji. Shi kuwa mai talla, ko sama ko ƙasa.

Ba ta gama magana ba wayoyi suka cika. An bugo daga Kanda da Nima da New Town, har daga Madina da Ashaiman, kowa da nasa labarin. Wani ya sayi masu ƙwai suka zama zakaru, wata ta sayi waɗanda aka ce na gida ne masu juriya suka mutu cikin mako biyu, wani kuma ya tara ƙwan kajin turawa ya sa wa kazar gida ta kwanta masa, abin da ya fito bai yi kama da uwarsu ba. A nan muka gane cewa wannan matsala ta daɗe tana cin aljihun mutanenmu, kunya ce kawai ta hana a faɗa, don ba wanda ke son a ce an yi masa wayo a kan ɗan tsako.

Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo maganar cikin wannan shafi shi ne, batun kaji a bayan gida ya tashi daga sha'anin mata da yara ya koma manufar gwamnati. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwamba na 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya ƙaddamar da shirin Nkoko Nkitinkiti a Kumasi, sunan da a harshen Twi ke nufin ƙananan kaji, a ƙarƙashin babban shirin noma na Feed Ghana wanda ma'aikatar Minista Eric Opoku ke kula da shi. Abin da aka bayyana a wajen ƙaddamarwar shi ne za a raba kaji miliyan 3 a mazaɓu 276 na ƙasar nan, kimanin 10,000 a kowace mazaɓa, kowane gida ya sami 50. In aka bi wannan lissafi, gidaje kusan 200 ke nan a Ayawaso ta Gabas inda Nima da Kanda suke, da wasu kusan 200 a Ayawaso ta Arewa inda Maamobi take. Kuma duk wanda ya san halin Zango ya san in gida ɗaya ya samu, gidaje goma za su yi sha'awa su nemi nasu a kasuwa. Masu kwali a bakin titi su ma sun san haka.

Saboda haka sanin irin ɗan tsakon da ke hannunka shi ne matakin farko na riba ko asara, tun kafin a zo maganar abinci da magani.

Kashi nawa ne kajin da ke yawo a kasuwanninmu?

In aka tattara, kashi biyar ne. Na farko buroila, waɗanda aka fi sani da sunayen Cobb 500 da Ross 308. Ranar da aka ƙyanƙyashe su ruwan ɗorawa ne mai haske, in sun girma su zama farare fat. Na biyu leya, wato masu ƙwai, irin su ISA Brown da Lohmann Brown da Hy-Line Brown da Bovans. Na uku su ne mazajen waɗannan leya ɗin, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kokrel. Na huɗu su ne masu amfani biyu, nama da ƙwai, irin su Sasso wadda asalinta daga Faransa ne, da Kuroiler ta kamfanin Keggfarms na Indiya, da Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo ta Nijeriya. Na biyar kuma kazarmu ta gida da muka gada kaka da kakanni.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin na farko da na uku. Kamfanonin da suka samar da jajayen leya sun haɗa iyayensu ta yadda tun ranar farko launi zai raba mace da namiji: macen takan fito ja-ja, mai ruwan ƙasa, wani lokaci da zane a baya, namijin kuwa ya fito fari-fari mai ruwan ɗorawa. To, wannan namijin in aka ajiye shi kusa da ɗan buroila a kwali ɗaya, wanda bai saba ba ba zai iya raba su ba. Ga shi kuwa farashinsu ko kusa bai zo ɗaya ba, domin a wurin ƙyanƙyasa namijin leya kusan kaya ne da ake neman kai da shi. Rabin duk ƙwan da aka ƙyanƙyashe maza ne, ba su yin ƙwai, ba su kuma saurin yin nama. A ƙasashe da dama kashe su ake yi a ranar, abin da Jamus ta haramta tun farkon 2022. Mu a nan Afirka ta Yamma sayar da su ake yi da araha, kuma babu laifi a cikin haka, don kokrel in ya yi wata huɗu zuwa biyar yakan ba da nama mai tauri da ɗanɗano, irin wanda matanmu suka fi so a romo da miyar tuwon zafi. Laifin yana wurin wanda ya saye shi da sunan kokrel ya sayar da sunan buroila. Abin da ya sami Hajiyar Maamobi ke nan, kuma malamanmu sun sha gaya mana matsayin algus a cikin ciniki.

Abin da ido zai iya ganewa

Mun zauna da masu kiwo da suka daɗe a harkar, kuma abin da suka nuna mana bai fi ƙarfin kowa ba. A ranar farko a dubi ƙafa da jiki. Ɗan buroila ƙafarsa gajera ce mai kauri, jikinsa a cure, in ka ɗora shi a tafin hannu za ka ji ya cika hannu. Namijin leya siriri ne, ƙafarsa ta fi tsawo, ya fi kazar-kazar. Amma gaskiyar magana, a ranar farko ko gwani yana iya kuskure, musamman in an cakuɗa su.

Shaidar da ba ta ƙarya ita ce sikeli. Ɗan tsako yakan fito da nauyin giram 40 ko sama da haka kaɗan. Buroila na gaske in yana samun abinci mai kyau, cikin kwana bakwai zai ninka nauyinsa sau huɗu ko fiye, ya doshi giram 180. Ɗan leya, mace ko namiji, a kwana bakwai da ƙyar yake wuce giram 70. A mako huɗu buroila ya haura kilo ɗaya, shi kuwa ɗan leya bai kai rabin kilo ba. Ana iya samun ɗan sikeli a kasuwar Nima ko ta Mallam Atta, ba sai an je asibitin dabbobi ba. Da Hajiya ta auna nata a kwana na bakwai, da ta san gaskiya tun ba ta zuba kuɗin buhu uku ba. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Halayya ma tana nunawa. Buroila malalaci ne, daga kwanon abinci sai kwanon ruwa sai kwanciya, ƙirjinsa yana faɗi, gashinsa ba ya saurin rufe jiki, har za ka riƙa ganin jar fata ta gefen fiffike. Ɗan leya kuwa yakan rufe da gashi da wuri, yana tono, yana neman abin hawa. Daga mako huɗu zuwa shida tsoron namiji da leɓensa sukan girma su yi ja, na mace su tsaya ƙanana, fari-fari, sai ta kusa fara ƙwai. Bayan wata uku gashin wuyan zakara da na gadon bayansa kan fito da tsini da sheƙi, na mace kuwa a zagaye.

Ga baƙaƙen leya, irin Bovans Black, alamar daban ce. Dukkansu baƙaƙe suke fitowa, amma namijin yana da ɗigon fari a tsakiyar kai, in ya girma ya zama wake-wake, macen kuwa kanta baƙi ne, daga baya ta yi ja-ja a wuya. Su kuma fararen leya masu farin ƙwai, maza da mata duk launi ɗaya suke fitowa, launi ba ya taimakon kowa. Akwai masu buɗe fiffike su ce in gashin layi biyu ne, dogo da gajere, mace ce. Wannan dabara gaskiya ce, amma a wasu nau'o'i kaɗai da aka haɗa musamman domin haka, kuma a kwanakin farko kawai. Akwai kuma duba ta ƙasan ɗan tsako, ilimin da Japanawa suka ƙware a kai tun wajen shekarun 1930, wanda sai an yi dogon horo. Duk wanda ya juya ɗan tsako a bakin titi ya leƙa ya ce maka mace ce, ka riƙe kuɗinka. Haka nan in ka ga an rina 'yan tsaki da shuɗi ko ja, ko da an ce don tsoron shirwa ne kamar yadda ake yi a ƙauye, ka sani rinin ya rufe maka babbar shaidar da kake da ita.

Masu amfani biyu su ne suka fi wuyar sha'ani. Sasso da Kuroiler da Noiler kala-kala suke fitowa, ja da baƙi da wake-wake, wasu Sasso ma da wuya ba gashi, ta yadda a makon farko sai ka rantse 'ya'yan kazar gida ne. Bambancin shi ne sun fi girma, ƙafarsu ta fi kauri, kuma duk kwalin girmansu ɗaya. Amma tsakanin su ukun, kama da wane ba ta wane, ba mai iya rantsuwa da ido. Nan ne iyakar abin da mai saye zai iya yi wa kansa.

Lissafin da ke bayan suna

Wani zai ce ai kaza kaza ce, me ya kawo dogon bincike? Bari mu ɗauki 50 ɗin nan da ake magana. In buroila ne, kowanne zai ci abinci kilo huɗu ko fiye kaɗan kafin ya kai mako shida, wato buhu huɗu zuwa biyar masu kilo 50, kuma mafi yawan cin a makonni uku na ƙarshe yake. Dole mai su ya tanadi kuɗin a dunƙule, ya kuma san wanda zai saya tun kafin ranar, domin buroila in ya wuce lokacinsa riba yake ci, ga ciwon ƙafa, ga mutuwar farat ɗaya in zafin Maris ya taso. In leya ne, sai sun yi mako 18 zuwa 20 kafin a ga ƙwan farko, kuma kafin nan kowace ta ci kilo shida zuwa bakwai, wato sama da buhu shida ba tare da kwabo ya shigo ba. In sun fara, kowace na cin giram 110 zuwa 120 a rana, buhu guda ba ya wuce kwana tara, amma in an kula da su kowace za ta iya ba da ƙwai kusan 300 a shekara. In kokrel ne, ba a ba shi abincin buroila mai tsada, don ba zai mayar da shi nama ba. Dusa da ragowar abinci da ɗan ƙari sun ishe shi, sai haƙuri na wata biyar.

Ashe ke nan abinci uku ne daban, lokaci uku daban, kasuwa uku daban. Wanda bai san abin da yake kiwo ba, ko dai ya ba kokrel abincin buroila ya yi asarar kuɗi, ko ya ba buroila dusa ya yi asarar kaji. Mace mai sayar da waakye ko koko da ƙosai da ta cire jarinta ta zuba a nan, kuskure ɗaya ya isa ya tsayar mata da tukunya.

Sai maganar wuri, wadda mu mutanen Nima da Maamobi muka fi kowa sani. Gidajenmu na haya ne, iyali goma a tsakar gida ɗaya, ga girki, ga wanki, ga alwala, ga yara. Kaji 50 na buƙatar fili kamar murabba'in mita biyar zuwa takwas in sun girma, kusan ɗaki guda ke nan. Buroila zai iya zama a keji ya tafi cikin mako shida. Sasso da kokrel suna son yawo, kuma yawo a unguwarmu yana nufin kwata da bola da gidan maƙwabci. Shawarar da ta dace da mai gona a Dormaa Ahenkro, inda kiwon kaji ya zama sana'ar gari, ko mai fili a Dodowa, ba lallai ta dace da mai ɗaki ɗaya a bayan Kawukudi ba.

Yadda muka zo nan

Abin tambaya shi ne, me ya sa ɗan tsako ya zama kayan da ba a san asalinsa ba? Dattawanmu suna tuna zamanin Operation Feed Yourself na Janar Acheampong daga 1972, lokacin da kowane gida ke da ɗan lambu da akurki, da zamanin da gonar gwamnati ta Pomadze kusa da Winneba ke ƙyanƙyasa, da lokacin da sunan Darko Farms na Kumasi ya cika ƙasa. Har farkon shekarun 1990 yawancin kazar da ake ci a Ghana a nan ake kiwonta. Daga nan aka buɗe ƙofa, kajin ƙanƙara daga Turai da Amurka da Brazil suka cika kasuwa da araha. A kasafin kuɗin 2003 majalisa ta amince a ɗaga harajin shigo da kaji daga kashi 20 zuwa kashi 40 cikin 100, amma ba a je ko'ina ba aka dakatar da shi bayan tattaunawa da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, IMF. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa ta kai ƙara kotu, sai dai a 2005 majalisa ta soke dokar baki ɗaya. Yau ƙasar nan tana kashe sama da dala miliyan 300 a shekara wajen shigo da naman kaji.

Da kasuwar nama ta kuɓuce, masu gona da yawa suka koma ƙwai, wuraren ƙyanƙyasa da dama suka durƙushe, manyan manoma suka koma yin odar 'yan tsaki ta jirgin sama daga ƙasashe irin su Holan da Beljiyam. Babban manomi yana karɓar kwalinsa da sunan iri da ranar ƙyanƙyasa da takardar allura. Amma kafin ɗan tsako ya iso hannun mai sayen goma ko ashirin a Zango, ya bi hannu uku ko huɗu, an sauya masa kwali, an haɗa shi da na wani wuri, sunansa ya zama duk abin da mai talla ya ga zai fi kawo kuɗi.

Haɗarin kuma bai tsaya a aljihu ba. Ɗan tsakon da ba a san inda ya fito ba, ba a san ko an yi masa allurar cutar Marek ba, wadda a ranar farko ake yin ta a wurin ƙyanƙyasa, ba a kuma san ranar da za a fara lissafin rigakafin Gumboro da Newcastle ba, cutar nan da ke share akurki lokacin hunturu. Ba mu manta ba cewa murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2007 a kusa da Tema, ta dawo a 2015, ta sake dawowa a 2021, kuma a duk lokutan nan yankin Accra na cikin wuraren da abin ya shafa. In cuta ta ɓulla, tambayar farko da likitan dabbobi zai yi ita ce daga ina kajin suka zo. A unguwar da kaji ke kwana kusa da inda yara ke kwana, rashin amsar wannan tambaya ba ƙaramin abu ba ne.

Kada mu raina ta gida

A cikin wannan rububi akwai wadda ake mantawa da ita. Kazar gida ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, kuma sai ta yi wata shida kafin ta isa yanka. Amma ita kaɗai ce ke kwanci, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21, ta yi renon 'ya'yanta, ta nemi abincinta. Kajin kamfani an cire musu yawancin wannan ɗabi'a, kuma da yake haɗe-haɗe ne, 'ya'yansu ba sa gado su yadda suke. In ka gama da zubi ɗaya dole ka koma ka sake saye. A cikin na gida akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai mai wuya ba gashi, akwai mai gashi a murɗe wadda maƙwabtanmu Asante ke kira asense, wadda wasu ke ƙyama saboda camfi. Binciken da aka yi a jami'o'in ƙasar nan, har da KNUST ta Kumasi, ya nuna masu wuya ba gashi da masu murɗaɗɗen gashi sun fi jure zafi, abin da muke ƙara buƙata kowace shekara.

A 2019, lokacin da Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin Rearing for Food and Jobs a Wa, an raba zakaru domin inganta irin na gida. Niyyar mai kyau ce, 'ya'yan sukan fi girma. Sai dai in aka yi ta barbara ba tare da kowa na rubuta wane ya haifi wane ba, wata rana za a wayi gari da kajin da ba su kai na turawa ƙwai ba, ba su kuma iya kwanci irin na gida ba. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun nuna ana iya yin abin da tsari: cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta fitar da Shika Brown, Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta ta fitar da FUNAAB Alpha wadda aka yi wa rajista a 2018. Mu ma Cibiyar Binciken Dabbobi ta CSIR ta taɓa fitar da buroilarta mai suna Aribro. Ilimin yana nan, isowarsa lungu ne ya gagara.

Abin da muke gani ya kamata

Tunda ido yana da iyaka, nauyin faɗin gaskiya ya koma kan mai sayarwa da hukuma. Muna kira ga ofisoshin noma na majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, tare da hukumar likitocin dabbobi, su tabbatar duk kwalin 'yan tsaki da za a sayar ko a raba a yankinmu yana ɗauke da abu huɗu a rubuce: sunan iri, mace ko namiji ko gauraye, ranar ƙyanƙyasa, da alluran da aka riga aka yi, tare da sunan wurin da aka ƙyanƙyashe su. Gwamnati ce ya kamata ta fara nuna misali da nata kajin na Nkoko Nkitinkiti. A gaya wa kowane gida abin da aka ba shi, da Hausa da Twi da Ga da Dagbani, a kuma tambaye shi girman wurinsa kafin a miƙa masa 50. Gidan da ba zai ɗauki fiye da 15 ba, a bar shi ya haɗa kai da maƙwabta. Ɗakin gwaje-gwajen dabbobi da ke La yana sarrafa maganin rigakafin Newcastle mai suna I-2, wanda ake ɗigawa a ido kuma yake jure zafi fiye da sauran; babu dalilin da zai hana a horar da matasanmu biyu ko uku a kowace unguwa su riƙa zagayawa da shi.

Sarakunan Zango da limamai da shugabannin kasuwa su ma suna da rawar takawa. Kamar yadda mahauta da masu sayar da raguna ke da shugabanni da ake kai wa ƙara, masu sayar da 'yan tsaki su ma a san su, a san mazauninsu. Ƙungiyoyin mata masu adashi kuwa, maimakon kowace ta sayi goma a bakin titi, su haɗa kuɗi su yi odar kwali guda daga dillalin da ke da shago da rasit, su raba a tsakaninsu.

Kai kuma mai saye, kafin ka zaro kuɗi ka tambayi kanka: nama nake so don Sallah, ko ƙwai don yara da sayarwa, ko kazar da za ta riƙa haifa mini? Ka tambayi mai kaya sunan irin da ranar da aka ƙyanƙyashe su. In ya ce maka ai duk agric ne, ka yi gaba. In arahar ta yi yawa, ka yi zargin kokrel ne. In ba ka da gwanintar renon jarirai da wuta da gawayi, ƙara kuɗi ka sayi 'yan mako huɗu, waɗanda sun wuce lokacin yawan mutuwa kuma kamanninsu sun fito. In kuwa ka riga ka saya, ka ɗora su a sikeli ranar kwana bakwai.

Ita dai Hajiyar Maamobi, da muka sake jin ta bakinta, ta ce ta bi shawarar wani mai sauraro ta daina sayen abinci mai tsada, ta koma ba su dusa da ragowar shinkafa, ta riƙe zakarunta har Babbar Sallah ta sayar wa masu son nama mai tauri. Uwar kuɗinta ta dawo da ƙyar, ribar da ta yi niyyar ɗinka wa jikoki kayan Sallah da ita kuwa ta tafi. Ta ce yanzu duk mai kwalin da ya tsaya a ƙofar gidanta, tambayar farko da take yi masa ita ce ina shagonsa yake. Allah Ya ba mu ikon gane gaskiya, Ya sa albarka a cikin abin da muke kiwo, amin.